Babur ɗin malamin gona bai kamata ya ƙare a kan sikeli ba

Wata Asabar cikin damina ina dawowa daga kasuwar Katako a Jos, sai na ci karo da wani yaro ɗan bola jari yana tura kura. A cikin tarkacen da ya ɗoro, tsakanin wani tsohon risho da ƙafar gadon ƙarfe, na hango tankin babur da kwarangwal ɗinsa. An rubuta Yamaha a jikin tankin, a murfin gefe kuma DT 175. Gabana ya faɗi, domin irinsa ne kawuna ya yi shekaru yana hawa.

Na ce, "Samari, dakata mana. Ina injin wannan?"

Ya ce, "Baba, ai tun jiya aka fasa shi. Masu ƙera tukwane sun kwashe alminiyon ɗin. Saura wannan, shi ma awo za a yi."

Ban ga laifin yaron ba ko kaɗan, abincinsa yake nema, kuma halaliyarsa ce. Wanda ya sayar masa ma wataƙila magada ne da suka gaji da ganin ƙarfe ya tare musu zaure. Na biya shi kuɗin tankin na tafi da shi gida, yana nan a kan kanta har yau. Amma tun ranar abin yake ci mini rai: babur ɗin da masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka da Japan suke bi gida gida suna nema, mu a nan kilo muke auna shi.

Bari in fara bayyana irin baburan da nake nufi, don kada a ɗauka Boxer ko Jincheng nake magana a kai. Su ne waɗanda aka ƙera domin su hau kwalta su kuma shiga jeji, ba tare da an canza musu komai ba. Ni nakan ce musu baburan kwalta da burji, amma a unguwarmu sunansu ɗaya ne tun muna yara: babur ɗin malamin gona. Daga nesa ake gane su. Dogaye ne, cikinsu ya yi nisa da ƙasa don kada dutse ya fasa inji. Tayar gaba babba ce siririya, a mafi yawansu inci 21, mai ƙuraje irin na ƙafar tarakta. Madgad ɗin gaba an ɗage shi can sama don kada laka ta cushe ta riƙe taya, salansa ma an bi da ita ta sama don a ratsa rafi ruwa bai shiga ba. Duk da haka suna da fitila da madubi da wurin lamba, sun cika sharaɗin hawa titi.

Asalinsu ba wani ɓoyayyen abu ba ne. A 1968 kamfanin Yamaha ya fito da DT-1, mai inji 250 mai bugu biyu, wato irin injin da ke ƙona fetur tare da baƙin mai, kuma mafi yawan masana harkar daga nan suke fara ƙirga tarihin wannan dangi. Kafin nan wanda yake son shiga daji sai dai ya ɗauki babur ɗin titi mai nauyi ya yi ta yi masa kwaskwarima. Honda ta biyo baya a 1972 da XL250 mai bugu huɗu. Suzuki na da jerin TS nata. Sai 1976 Yamaha ta saki XT500, mai silinda ɗaya tal, wanda ba shi da maɓallin tayarwa, sai dai ka taka masa kik da ƙafa, kuma idan ba ka iya daidaita fistin ɗin ba ya mayar maka da martani a idon sawu. Baƙin mansa ma a cikin bututun kwarangwal ɗin ake zuba shi. A 1980 BMW ta Jamus ta kawo R80 G/S, haruffan nan biyu na ƙarshe kuwa a Jamusanci ma'anarsu jeji da titi. Daga baya aka samu Kawasaki KLR650 a 1987, da Honda Africa Twin a 1988. Waɗannan su ne manyan da ake rububi. XT500 ko R80 G/S mai tsabta, wanda ba a taɓa shi ba, yau ana sayar da shi kuɗin da ya zarce abin da aka saye shi yana sabo fil.

To me ya ba su wannan daraja? Ga inda maganar ta shafe mu kai tsaye, kuma ga abin da yake ba ni haushi idan na ji wani yana cewa ai wannan sha'awa ce ta Turawa, ba ruwanmu. Sunan baburan nan a yankinmu aka yi shi. A 1977 wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓace a hamada a kan babur lokacin tseren Abijan zuwa Nis, aka ceto shi da ƙyar. Da ya koma gida sai ya shirya gasar Faris zuwa Dakar, wadda ta tashi ranar 26 ga Disamba 1978 ta isa Dakar a Janairun 1979. Hanyar ta bi ta Aljeriya, ta gangaro Tamanrasset, ta shiga Agadas, ta wuce Yamai, ta bi Mali har Senegal. Agadas fa, garin da idan ka shiga kasuwarsa da Hausa za ka yi ciniki. Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a kan XT500, ya kuma maimaita a 1980. Hubert Auriol ya ci a kan BMW a 1981 da 1983, Gaston Rahier ya ci a 1984 da 1985. Honda ta riƙe kambun daga 1986 zuwa 1989, daga wannan nasara ne kuma aka haifi Africa Twin. A 1983 Yamaha ta fito da wani babur mai ƙaton tanki, kusan lita 30, ta sa masa suna Tenere. Wannan Tenere ɗin ita ce dai hamadar da ayarin raƙuman Abzinawa suke ratsawa daga Agadas zuwa Bilma su ɗauko kantun gishiri, gishirin da kakanninmu suka saya a kasuwannin ƙasar Hausa suka ba dabbobinsu. Har yau kamfanin yana buga sunan a jikin sababbin baburansa.

Sai dai ba zan yi wa gasar nan kwalliyar da ba ta da ita ba. Ta ratsa ƙauyukan talakawa a guje kamar babu mutane a cikinsu, kuma motocinta sun sha kaɗe mazauna wuraren, har da ƙananan yara. Shi kansa Sabine a cikinta ya rasu, a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a Janairun 1986. A 2008 aka soke ta saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ta koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya, amma ta tafi da sunan Dakar. Don haka idan Bature ya ajiye XT500 a falonsa, abin da yake tunawa shi ne kasada da ƙuruciya da hamadar da ya gani a talabijin. Wannan nasa ne, ban hana shi ba. Namu dalilin daban ne, kuma a ganina ya fi nasa nauyi.

Mu a nan aiki baburan nan suka yi. Ba manyan ba, ƙannensu: DT 125 da DT 175, Suzuki TS, Honda XL 125 da XL 185, da kuma Yamaha AG100 wanda asalinsa makiyayan tumaki na Ostireliya da Niyu Zilan aka ƙera wa, shi ya sa yake da jigo ta gefe biyu, da murfin da ya rufe sarƙarsa ruf, da kariya gaba da baya don ɗaukar kaya. A tsakiyar shekarun 1970 aka fara shirin bunƙasa noma da tallafin Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gombe, daga baya ya bazu zuwa jihohi har da Filato. Ƙashin bayan shirin shi ne malamin gona da zai je wurin manomi har gonarsa, kuma ƙafar malamin gona ita ce babur.

Kawuna yana cikinsu. Bashi aka ba shi babur ɗin, ana cira daga albashinsa wata wata. Ina tuna shi da asuba cikin sanyin Jos, sanyin nan da yake sa yatsu su ƙi lanƙwasuwa, ya naɗe wuya da rawani ya ɗora hular kwano a kai, ya ɗaure jakar takardu da ƙaramin buhun iri a kariya. Sai ya buɗe mai, ya ja cok, ya taka sau biyu, hayaƙi mai shuɗi ya turnuƙe ƙofar gida. Wannan ƙamshin na man bugu biyu har yau idan na shaƙe shi sai in ga kamar ina aji uku a firamare. Yakan nufi ƙauyukan da ke bayan Barikin Ladi da wajen Bokkos, inda ake noman dankalin Turawa, a hanyoyin da a watan Agusta jar ƙasarsu takan koma kamar sabulu. Mota ba ta zuwa, sai a kaka. Wani lokaci ya dawo bayan isha'i, laka har gwiwa, da kaza ɗaure a bayan babur wadda wani manomi ya matsa masa sai ya karɓa. Ya san sunan kowane mai unguwa, ya san gonar da ciwon ganye ya kama, ya san wanda takinsa bai iso ba. Berom da Ron da Mwaghavul da Fulani da Hausawa, duk gidajensu ya ci tuwo. Duk wanda ya san rikice-rikicen da Filato ta shiga daga 2001 zuwa yau ya san cewa wannan ba ƙaramin abin tunawa ba ne.

Ba malaman gona kaɗai ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana nan tun 1924 tana haɗa allurar rigakafi, amma allura ba ta kai kanta ruga. Lokacin da ciwon bushiya ya yi wa shanun ƙasar nan kaca-kaca a farkon shekarun 1980, malaman dabbobi ne suka riƙa bin rugage, kuma a 2011 aka bayyana cewa an kawar da cutar daga duniya baki ɗaya. Kurkunu fa? A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga mutum sama da 650,000 da ke fama da ita a Najeriya, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mun rabu da ita. Cibiyar Carter, wadda ta yi tsayin daka a yaƙin tare da Janar Yakubu Gowon, a nan Jos ofishinta ya daɗe. Ana yaba wa shugabanni da likitoci, kuma sun cancanta. Amma tsakanin ofis da tafkin ƙauye akwai tafiyar da sai an tsallake rafi an hau dutse, kuma wani ma'aikaci ne da ba a san sunansa ba ya yi ta, sau da yawa a kan babur irin wanda na gani a kurar yaron nan. Da a ce doki ne ya yi wannan hidima, da an yi masa kirari.

Shi ya sa nake cewa tara tsofaffin baburan nan da gyara su ba almubazzaranci ba ne, adana shaida ce. Mun san darajar adanawa idan mun ga dama. Gidan tarihin Jos yana nan tun 1952, kuma a harabarsa akwai tsofaffin kawunan jirgin ƙasa na ƙaramin layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos a zamanin haƙar kuza, wanda aka rufe a 1957. A Legas an ajiye motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976. Jirgin da ya kwashi kuzarmu ya kai wa Turawa ya samu rumfa, motar shugaba ta samu ɗaki. To abin hawan ƙaramin ma'aikacin da ya kai wa talaka iri da allura, shi ina nasa wurin? Babur ɗaya, da jakarsa da hular kwanonsa da littafin ziyarar mai shi, a kusurwa ɗaya ta gidan tarihin, zai koya wa ɗalibi abin da shafi goma ba zai koya masa ba.

Na san abin da za a ce, domin an sha faɗa mini a majalisa. Na farko, ana fama da abin da za a ci, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ko zuwa aiki ya zama lissafi, kai kana zancen tsohon ƙarfe. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ban ce mai iyali ya hana 'ya'yansa abinci ya sayi fistin ba. Abin da nake cewa shi ne wanda yake da shi a gida kada ya yi asararsa. Idan dole ta sa sai an sayar, a sayar da shi a matsayin babur ga wanda zai tayar da shi, ba a matsayin kilo ba. Bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne, ko da injin ya daskare. Talauci ma dalili ne na sanin darajar abin da ke hannunka. Masu hali kuwa, waɗanda a Abuja suke sayen manyan baburan gudu na miliyoyi suna zagaya Maitama da daddare, da ɗan abin da suke kashewa a taya ɗaya za su iya ceto DT guda.

Na biyu shi ne tsaro, kuma wannan ya fi na farko zafi. A Arewa yau ƙarar babura da yawa cikin dare ba abin daɗi ba ce. Akwai ƙauyukan Filato da na Zamfara da na Katsina da idan suka ji ta sai gudu. Wanda aka kashe masa ɗan'uwa ba zan tsaya ina yi masa bayanin kyan salansa ba. Saboda irin wannan da kuma haɗurra aka hana acaba a tsakiyar Abuja a 2006 zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i yana minista, aka hana ɗaukar fasinja a babur a Kano a 2013 bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero, mu ma a Jos da Bukuru an daɗe da hana 'yan goyin. Ban zo in ce a soke waɗannan dokoki ba. Amma dokar ta 'yan haya ce, kuma mai aiwatar da ita ya kamata ya iya bambancewa. Ɗan ta'adda ba ya neman babur mai shekara 40 wanda sai an yi wata ana cigiyar zoben fistin ɗinsa. Sabo yake so, mai arha, wanda kayan gyaransa suke kowace kasuwar ƙauye. Na taɓa ganin an tare wani dattijo a kan XL 185 ɗinsa, takardunsa cikakku, hularsa a kai, ba kowa a bayansa, aka ɗora babur ɗin a bayan mota tare da na 'yan haya. Ya yi kwana uku yana zarya kafin a sako masa, kuma ya dawo da fasasshen madubi da tankin da ya lotsa. Madubin nan ba a ƙera irinsa kuma. A Abuja kuwa baburan da aka kama sau da yawa murƙushe su ake yi a bainar jama'a. A ƙasashe da dama akwai rajista ta musamman ga abin hawan da ya kai wasu shekaru, da lamba tasa daban. Ba abu ne mai wuya ba hukumomin lasisi na Filato da na Abuja su yi irin wannan: a duba lambar inji da ta kwarangwal, a rubuta sunan mai shi, a ba shi shaidar da jami'i zai gani ya gane. Hakan ma taimakon tsaro ne, domin babur mai rajista da sanannen mai shi ba shi ne abin tsoro ba.

Akwai kuma masu cewa inji mai bugu biyu hayaƙi gare shi. Gaskiya ne, yana ƙona mai tare da baƙin mai, shi ya sa dokokin hayaƙi suka kore shi daga titunan ƙasashe da yawa. Amma babur ɗin da ake fitarwa ranar Asabar bai kai janareto ɗaya na shagon aski ba.

Yanzu bari in juyo kan masu sha'awar su kansu, domin su ma ina da magana da su. Abin da mai tarawa na gaske yake nema sananne ne: lambar inji da ta kwarangwal su kasance na asali, fentin kamfani ko da ya koɗe, salansa ta asali, takardun farko idan an dace, da labarin hannayen da babur ɗin ya bi. Mu kuwa mun saba da akasin haka. Da an samu tsohon babur sai a kai wa mai fenti ya mulka masa baƙi mai ƙyalli, a cire kafireta ta asali a jefar a sa ta Jincheng, a yanke madgad, a manna fitilu masu walƙiya. Wani ma ya cire injin gaba ɗaya ya dasa na zamani. Mai yin haka yana ganin gyara ya yi, alhali ya goge duk abin da ya sa babur ɗin ya zama shi. Lotsawar da ke jikin tankin kawuna a wani gangare ya same ta, ranar da ya kauce wa garken shanu. Idan aka cike ta da foti aka shafe, an shafe ranar. A wanke, a tsayar da tsatsa, a gyara abin da ya shafi lafiyar mahayi, birki da taya da sarƙa da fitila, sauran a bar shi da tabonsa. Duk abin da aka cire kuma a sa a kwali a ajiye, kada a yar.

Kuma a hau su. Ban yarda da ajiye babur a falo kamar kwalliyar amarya ba. Injin da ba ya aiki mutuwa yake yi a tsaye: mai ya bushe ya toshe kafireta, robobi su tsattsage, tanki ya yi tsatsa daga ciki. Allah kuma ya ba mu wurin hawa da babu irinsa a ƙasar nan. Jos tana bisa tudu kimanin mita 1,200, iska mai sanyi wadda injin da iska ke sanyaya shi yake so. Ga duwatsun Shere, ga hanyar Riyom da dutsenta, ga gangaren Assop, ga tsofaffin hanyoyin ma'aikatan kuza da suke zagaya tafkuna a bayan Bukuru da Rayfield. Sai dai a yi da hankali da ladabi, a san inda ake zaman lafiya da inda ba a yi, a tafi da rana, kada a shiga gonar mutane, kuma a fara gaida mai gari a faɗa masa ko su wane ne kafin a ratsa ƙauyensa a ayari. Kuskuren da 'yan Dakar suka yi ke nan, kada mu maimaita shi a gida.

Abin da ya fi damuna ma ba ƙarfen ba ne, hannun da ya san shi ne. Akwai wani dattijon bakanike a wajen Dilimi wanda tun ina saurayi nake kai masa aiki. Idanunsa sun fara rauni, amma kunnensa garau. Ka tayar da inji kawai ya saurara, sai ya ce maka zobe ne ya ci, ko iska ce take shiga ta inda bai kamata ba. Ya zare fulogi ya dubi launin bakinsa, ya gaya maka mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ya san yadda ake daidaita famfon da ke tura baƙin mai a injin DT, abin da yaran yanzu da yawa suke cirewa su ce a riƙa haɗa man a tanki, don ba su san yadda ake saita shi ba. Ya iya ɗaure wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya har taya ta daina rawa. Wata rana na tambaye shi, "Baba, cikin yaran nan wa ka koya wa aikin bugu biyu?" Ya yi shiru, ya ce, "Ɗana, wa zai tsaya? Yanzu ba a gyara, canzawa ake yi. Abu ya lalace a cire a sa sabo. Wanda na fara koya wa ya koma Keke Napep." Bai faɗa da fushi ba, kuma yaron ma ba shi da laifi, inda kasuwa take nan ya bi. Amma da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya koyi aiki a kan injin da dole sai ka fahimce shi kafin ka gyara shi, babu injin da zai gagare shi daga baya, ko na ban ruwa ne ko na niƙa. Idan akwai mutum 20 a Jos da suke riƙe da irin waɗannan babura suna biyan kuɗin gyara mai kyau, to an samu dalilin da zai sa yaro ɗaya ko biyu su zauna gaban dattijon nan kafin ƙasa ta rufe masa ido. Kwalejojin koyon sana'a ma za su iya karɓar waɗanda suke ruɓewa a bayan ofisoshin gwamnati, maimakon a yi gwanjonsu a matsayin tarkace. Duk wanda ya taɓa leƙa bayan tsofaffin ofisoshin gona da na lafiya a ƙananan hukumomi ya ga irin tulin da nake nufi, ciyawa ta fito ta tsakanin wayoyin ƙafafunsu.

Kayan gyara suna wahala, ba zan ɓoye ba. Amma ba kamar yadda ake zato ba, domin irin su DT 125 da DT 175 da AG an daɗe ana ƙera su don kasuwannin Afirka da Kudancin Amurka bayan an daina sayar da su a Turai, saboda haka fistin da zobe da faifan kuloci ana samunsu idan an yi cigiya a Kano ko Kaduna ko wajen 'yan Nnewi. Abin da ba a samu shi ne tanki da murfin gefe da agogon gudu da salansa, wato daidai abubuwan da guduma take fara sauka a kansu a wurin 'yan gwangwan.

Babur ɗin kawuna yana nan. Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, an so a haɗa shi da tsofaffin kwanukan rufi a sayar, sai inna ta ce a bari tukuna a tambaye ni. Shekara 11 ya yi a jingine a ɗakin ajiya. Da muka fito da shi fistin ya kafe, ɓeraye sun cinye soson kujera, amma lambobinsa na asali ne, a cikin akwatin kayan aiki kuma muka tarar da katin ziyararsa na ƙarshe, da sunayen ƙauyuka shida da rubutun hannunsa. Dattijon Dilimi ya zuba wa silindar mai ya bar ta mako biyu kafin fistin ɗin ya saki. Yanzu saura agogon gudu muke nema da robar da ke haɗa kafireta da inji. Ya ce ranar da za a haɗa injin in zo masa da ƙaramin ɗana, mai shekara 14, shi zai riƙe masa fitila ya kuma miƙa masa sifana.